Tekun da Tahiru ya yi wa Sakina alkawari

Tahiru shofar, wato direba, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Damagaram da Kwatano. Duk dawowa sai ya ba matarsa Sakina labarin teku, ruwan da ba a ganin ƙarshensa, ya ce wata rana zai kai ta. Bai kai ta ba. Baya ya ƙage, mota ta koma hannun wani, idon Sakina kuma ya fara yin yana.

'Yarsu Lubna ce ta bar musu tsohuwar ordinatarta, wato kwamfuta, da za ta koma gidan miji a Mirriya. A ciki akwai hotunan biki da suna da jikoki, akwai kuma wani wasan tuƙin kamiyo wanda hanyarsa take ƙarewa a bakin teku. Bayan la'asar sai su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiya, shi yana tuƙi, ita tana gefensa kamar fasinjar gidan gaba, tana faɗa masa ya rage gudu. Ni da nake maƙwabcinsu nakan ji shi ta katanga yana kwaikwayon oda da baki.

Matsalar ita ce da sun doshi teku sai ordinatar ta yi zafi, fankarta ta hau kuka, motar ta fara tafiyar hawainiya, daga nan ta sandare. Nazir mai sayar da waya ya leƙa sau ɗaya ya ce memwar, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ce ta yi kaɗan. Tahiru ya fahimce shi irin fahimtar direba: mota ta kasa hawa tudu, lodi ne ya yi yawa. Bai shawarci kowa ba ya sauke kaya mafi nauyi, wato hotunan nan, ya kuma share kwandon sharar ordinatar. Motar ta sake sandarewa a wuri ɗaya.

Sai da ya kai ordinatar wurin Mutari mai gyara a kasuwar Dole ya ji cewa memwar iri biyu ce. Ɗaya ma'ajiyar kaya ce, ɗaya kuma ita injin yake aiki da ita, kuma wannan ce ta gaza. Hotunan ba su taɓa tare masa hanya ba. Mutari ya hure ƙurar fanka, ya ƙara wani ɗan siririn fallen memwar, ya rage ƙyallin wasan. Hotuna kam ya gwada, ba su dawo ba, kuma Lubna ta ce can ne kawai ta ajiye su. Na tausaya wa mutumin nan ranar.

Da la'asar suka hau hanya, ina leƙensu ta katanga, motar na tafiya sumul. Tekun ya buɗe, shuɗi, yana motsi a hankali. Sakina ta kai fuskarta dab da gilashin, ta daɗe tana kallo, tana murmushi. Sannan ta ce ya buɗe mata jikokinta, ta gan su tun idon yana gani.

Tahiru ya ce, "Na sauke su a hanya, Sakina."

Ta janye fuskarta daga gilashin.

"Direba dai," in ji ta. "To kashe injin. Tunda an biya kuɗin mota da tsada haka, bari mu zauna bakin ruwan."