Faifan da Aka Kulle a Kabad

Shekara biyu muna yawo a kan babur, Roni, Gwiwa, Babura, muna naɗar muryoyin dattawa: inda burtali ya bi a da, wa ya haƙa wace rijiya. Har da kakata, wadda ta ba ni awa uku tana zagina tana ba da labari. Bayan wata huɗu ta rasu.

Duk abin da muka naɗo a babbar kwamfutar ofishin ƙungiyarmu a Kazaure yake zama, wadda muke ce wa saba. In mun juye, sai mu goge katin rikoda mu koma daji. Ni na dami kowa sai an sayi faifan ajiya na waje, domin in saba ta mutu kada mu mutu tare da ita. Aka sayo, ɗan baƙi, bai fi tafin hannu ba. Na jona shi, na goge shi tas, na tsara kullum da la'asar saba ta kwafe komai ta zuba masa. Don gwaji na naɗi muryata na tura, na ga ta shiga. Na tafi ina jin kaina.

Sabar tana ofishin shugabanmu, tsohon hedimasta, mutumin da har yau ledar kujerar motarsa ba ta fita ba. Ranar da na jona faifan na ce masa wannan abu ya fi duk kayan ofishin daraja. Bakina ne ya jawo. Ina fita, tun kafin la'asar, ya cire shi, ya mai da shi kwalinsa, ya kulle a kabad, bai gaya wa kowa ba. Ita kuwa saba ta ci gaba da kwafe wa kanta a cikinta, tana rubuta min cewa an gama. Wata bakwai ina karanta “an gama”, ban taɓa sunkuyawa na leƙa bayan tebur ba. Wannan haushin kaina ne, kuma har yau bai sake ni ba.

Da damina aka kawo wuta da ƙarfi bayan tsawa, saba ta ƙone. Mai gyara a Kano ya duba ya girgiza kai. Na dawo a guje na tarar da wayar faifan tana reto, ba faifai. Shugaba ya yi murmushi, ya zaro makulli.

“Kwantar da hankalinka, ɗana. Ai na san za a yi haka. Duba, ko ƙwarzane babu.”

Sa'an mahaifina ne, ba halin in ɗaga murya. Na ce, “Ranka ya daɗe, tun yaushe?”

“Tun ranar da ka ce yana da daraja.”

Na jona shi a kwamfutar hannu. Abu ɗaya ne a ciki. Na danna, sai ga muryata, cike da fara'a, tana cewa ɗaya, biyu, ana ji na? Na jira ko kakata za ta biyo baya, duk da na san babu.