Tambayar Yaya Idi Ta Sake Tasowa

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Idi makwancinsa a nan Malanville, amma a watan jiya sunansa ya fito a saman wayata kamar yanzu ya yi magana.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Manomin albasa ne a bakin kogi, kuma shi ya buɗe zauren intanet da manoma da dillalan albasa ke haɗuwa a ciki, daga Madekali har ƙetare, Gaya. Mutum ne mai raha, sai dai yana da doka guda da ba ya wasa da ita: maganar da ta shekara ba a tono ta. A irin wannan zaure, da ka yi rubutu a ƙarƙashin tsohuwar magana sai ta taso ta hau kan sababbi, mutane su ɗauka ta yau ce. An taɓa tono wani tsohon labarin ambaliya, mutane suka bar kasuwa suka ruga gonaki a kan kabu-kabu, suka tarar da kogi kwance lafiya lau. Tun daga ranar, duk wanda ya tono sai Yaya Idi ya rubuta masa, "Wagga magana ta kwanta, malam. In kana da taka, buɗe sabuwa." Sannan ya share tsohuwar. Ni kaina na sha wannan tsawa, ƙanentaka ba ta cece ni ba.

Abu na ƙarshe da ya saka wani ɗan bidiyo ne. Ba a ganin fuskarsa, sai hannunsa yana juya ganyen albasa da tsutsa ta ɓata, yana tambaya ko akwai wanda ya san magani mai araha. Ana jin injin ban-ruwa a bayansa, ana jin ya yi tari. Tarin nan ne ya tafi da shi kafin a cire albasar. Aka danƙa mana zauren ni da abokinsa Alhaji Mamman dillali, bidiyon kuma ya nutse ƙarƙashin farashin buhu da gaisuwar Juma'a har muka manta da shi.

Sai ga wani manomi daga Madekali, Hamidu, sabon shiga. Ya bi baya yana neman magani, ya tarar da bidiyon, ya rubuta, "Malam Idi, ina kwana. Ka samu maganin? Ni ma abin ga ya kama tawa gona."

Ina tsakiyar kasuwa na danna bidiyon. Da na ji tarin, sai na zauna a kan buhun wani. Kowa a zauren ya gani, ba mai ƙarfin halin gaya wa Hamidu wa yake gaisarwa.

Alhaji Mamman ya same ni a rumfa. Ya ce, "Sani, dokatai ce, shi Idi. A share. Mutane sun tsorata." Gaskiya ya faɗa. Na san yayana: da yana raye, ko ƙiftawa ba zai yi ba zai share, ya kuma yi mini dariya cewa ƙato da ni ina rawar jiki a kan ganyen albasa.

Da la'asar Hadiza, matar Yaya Idi, ta zo, riƙe da hannun Ramatu, 'yar da ya bari a goye. Maƙwabciya ce ta nuna musu bidiyon. Hadiza ta ce, "Kada ka share, Sani. Yarinyar ga ba ta san muryar ubanta ba sai yau." Na ce zan kwafa mata a wayarta. Ta girgiza kai. "Cikin wayata mamaci ne. Can kuwa cikin mutanenai yake, yana tambaya."

Abin ya tsaya mini a rai, don ni kaɗai na san ya samu maganin. Ganyen dogon yaro ya daka ya jiƙa, ya sa ɗan sabulu, tare muka fesa. Ciwo ne ya kayar da shi kafin ya koma ya rubuta. Dokarsa ta maganar da ta kwanta ce, wannan kuwa ba ta taɓa kwanciya ba, a tsaye ya bar ta.

Na rubuta wa Hamidu a nan ƙarƙashin bidiyon. Na ce Malam Idi ya riga mu gidan gaskiya, ga kuma abin da ya yi wa gonarsa. Hamidu ya amsa, "Wayyo, ban sani ba. Allah shi jiƙanai." Daga nan addu'o'i suka yi ta zuba har washegari. Da muka haɗu da Alhaji Mamman a masallaci ya ce, "Baɗi wani zai sake gaishe shi." Na ce na sani.

Gonarsa tana hannun wani yanzu, injin an sayar. Dokar tana nan, muna binta a kan kowa sai mai ita. Bidiyon ya fara nutsewa kuma. Amma tsutsa za ta dawo, wani baƙo zai bi baya ya rubuta, "Malam Idi, ina kwana." Ina tsoron ranar, ina kuma jiranta. Ni zan amsa masa gaisuwar.