Wadda ke amsa mana da sunan Malam Sanusi



Jiya muka haɗu a Gusau don gabatar da aikinmu na ƙarshe a kwas ɗin kasuwanci. Darasi ta waya muke yi, jarrabawa kaɗai ke haɗa mu ido da ido.

A rukuninmu akwai Malam Sanusi, mai shagon hatsi a Tsafe. Tun damina ya daina magana a aji sai dai rubutu, amma aikinsa ya fi na kowa kyau. Mun ɗauka matsalar sabis ce.

Muna jiran sa sai wata mata ta yi sallama, riƙe da wayarsa.

Na ce, "Hajiya, lafiya? Ina Malam?"

Ta ce, "Malam ya rasu tun damina. Ni ce matarsa."

Na yi salati, na ce, "To wa ke amsa mana a rukuni?"

Ta ce, "Ni ce. Tun yana raye nake zama gefensa ina saurare. Ina cikin takaba, ba fita, lokacin darasi ya yi, wayar ta yi ƙara, na kasa kashewa. Da wanga karatu nake riƙe da shagon yanzu."

Malaminmu ya cire tabarau. Ba ta da rajista, ba shi da ikon ba ta maki ko ɗaya.

Mu za mu karɓi takardar kammalawa. Mai rajista yana kabari, wadda ta yi karatun kuma makaranta ba ta ma san da ita ba.

Jama'a, da ku ne malamin, me za ku ce mata?