Surukin Mahauci Ba Ya Cin Nama

A shekarar da sojoji suka koma bariki ne cikina ya yi mini tawaye. Lokacin ina aikin akawu a wata masaƙa a Kakuri, muna haya a Makera ni da mai ɗakina da yaranmu biyu, a gidan da kowa da ɗakinsa amma banɗaki ɗaya ne. Jama'a na ta murnar an samu 'yancin faɗin albarkacin baki, cikina ma ya ce ba za a bar shi a baya ba.

Wata rana sai ya kumbura ya yi tamau kamar ganga, ya riƙe duk abin da aka ba shi. Wata rana kuma ya saki komai ba tare da ya shawarce ni ba. Ga ƙugi, ga murɗa. Kafin wani lokaci na san duk wani masallaci mai banɗaki tsakanin Makera da bakin gada, har kwandastocin bas suka gane ni, in na ce “akwai sauka” a inda ba tasha, ba sa musu.

Na sha jiƙe-jiƙe har na gaji, sannan na tafi asibiti. Aka gwada jini, aka gwada bayan gida, aka danna ciki ta ko'ina. Likitan ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, “Malam, ba gyambon ciki ba ne, ba tsutsa ba ce, ba kuma taifod ba. Hanjinka lafiyarsa lau, saurin fushi ne kawai da shi.”

Na ce, “Likita, hanji ma yana fushi?”

Ya ce, “Naka dai yana yi. Ba ya kisa, amma ba ya barin mutum ya sake. Ka rage maiƙo da yaji da tsire, ka kuma lura da abin da ke tayar masa da hankali.”

Bai ce in daina cin nama ba, gaskiya. Amma na lura duk ranar da na ci nama mai kitse, washegari ba ni da sukuni. Ni kuwa mutum ne da in na kama abu ba na kama shi rabi. A hanyar gida na yanke hukunci: ba nama, ba kaza, ba kifi, ko romo ba na so.

Da na gaya wa mai ɗakina, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta ta zauna.

Dalilinta kuwa shi ne mahaifinta mahauci ne. Baba ya gaji fawa daga ubansa, rumfarsa na kasuwar Kakuri, kuma a wurinsa nama ba abinci ba ne kawai, shi ne yadda yake nuna wa mutum ƙauna. Ba ya iya doguwar gaisuwa, ba ya iya yabo. In yana son ka, sai ya yanko maka tozo. Duk Juma'a mai ɗakina kan je gaishe shi, ta dawo da ƙunshi a takardar siminti, da saƙon cewa tozon nan na Malam ne.

Ta ce, “Malam, ka rufa mini asiri. 'Yar mahauci, a ce mijinta ba ya cin nama? Da wane bakin zan gaya wa Baba?”

Muka yi shawarar ba za a gaya masa ba. Al'ada ma ta taimake mu, tunda suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Duk sanda na je gidansu aka kawo kwano, sai in sunkuyar da kai in ce alhamdu lillahi, su kuma su yi ta yaba kunyata. Tozo ya ci gaba da zuwa. Yara suka yi kumatu, mai ɗakina ta fara sakin ɗinkin rigunanta, ni kuma wuyana ya fara yawo a cikin kwalar riga.

Sauran tambaya ita ce me zan ci. Na taɓa ji a rediyo cewa wake yana maye gurbin nama, saboda haka na rungumi wake hannu biyu. Da safe ƙosai, da rana shinkafa da wake, da yamma alala, a kai kuma a yanka kabeji da ɗanyar albasa. Ban san cewa mai saurin fushi nake wa tsokana ba. Gudawar ta ɗan ragu, amma iska ta zo ta zauna. A ofis mu huɗu ne a ɗaki ɗaya. Na koyi jan kujera a daidai lokacin da ya dace, na koyi tarin da ba na mura ba, na kuma fara ƙaunar ƙarar tafireta fiye da kowane kiɗa. Abin da ba ya ɓoyuwa kuwa, sai in kalli taga in ce wannan kwatar rinin ta masaƙa sai an yi maganinta.

Shugaban sashenmu wani Ba'indiye ne, dattijo gajere mai fara'a, wanda bai taɓa cin nama ba tun da aka haife shi. Ya daɗe a Kaduna shi kaɗai cikin masu cin tsire. Ranar da ya ji labarina, da kansa ya zo teburina ya kama hannuna ya yi ta girgizawa kamar ya ga ɗan garinsu. Ya ce gobe tare za mu ci abincin rana.

Goben kuwa ita ce ranar da sabon ɗan majalisarmu zai zo yi wa ma'aikata godiyar ƙuri'a, kuma ni aka ɗora wa karanta jawabin maraba da Hausa.

Da rana ogan namu ya buɗe kwanukansa masu hawa-hawa. A ciki akwai wani irin ƙanƙanin wake da aka dafa ya narke, da wani mai kama da gujjiya, duk sun sha barkono da tafarnuwa da albasa, da man shanu yana kwance a sama. Ya riƙa tura mini yana cewa da 'yar Hausarsa, “Ci, Malam, ci. Babu nama. Mai kyau.” Daɗi kam akwai shi, hawaye na zuba ina ci. Kuma wa zai ce wa ogansa ya ƙoshi?

Bayan azahar aka tara ma'aikata a fili. Ɗan majalisa ya zauna cikin babbar riga mai sitaci. Aka ajiye makirfo a kan tebur, mai gajeriyar ƙafa, ni kuma dogo ne, saboda haka da na miƙe tsaye sai bakinsa ya yi daidai da cibiyata. Na fara karatu ina ɗaga murya. Ina kaiwa inda na rubuta cewa ma'aikata na sa ran shan romon dimokuraɗiyya, na ɗan tsaya don a tafa. A cikin wannan shirun ne cikina ya karɓi jawabin. Ya yi wani dogon ƙugi mai hawa da sauka, lasifika ta ɗauka ta raba wa kowa, har masu gadi a bakin ƙofa suka waiwayo.

Sai ɗan majalisa ya miƙe ya nuna ni da yatsa ya ce, “Jama'a, kun ji da kunnenku! Wannan ita ce yunwar da mulkin soja ya bar mana. Da yardar Allah kukan nan ya ƙare!”

Aka ɓarke da tafi da kabbara da “haleluya”. Ni dai ban ga ƙarshen taron ba. Na miƙa wa na kusa da ni takardar, na bi ta bayan sito da wata irin tafiya da ba gudu ba ce, ba kuma tafiya ba.

Tsakanin masaƙa da kasuwar Kakuri ba nisa. Kafin magariba labari ya kai rumfar mahauta, kuma a hanya ya yi ƙiba: surukin Baba ya bar nama, yana cin ciyawa da Ba'indiye don neman ƙarin girma, yunwa har ta sa cikinsa kuka a gaban ɗan majalisa.

Ranar Asabar da hantsi muka ji sallamarsa. Baba bai cika zuwa gidanmu ba. Ya jingine kekensa, ya sauko da wani kwanon sha mai murfi ɗaure da ƙyalle. Mai ɗakina ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida ta ɓace cikin ɗaki. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, “Malam, wani aibu ka gani a namana?”

Na ce, “Wallahi babu, Baba.”

“Tun kafin a haifi matarka nake yanka. Ban taɓa sayar wa mutum mushe ba, balle in aika wa gidan 'yata.”

A nan na gane ba faɗa ya zo yi ba, ciwo abin ya yi masa. Na kwashe bayanin likita na gaya masa, har zuwa zancen hanji mai saurin fushi.

Ya ce, “Hanji? Ni za a gaya wa hanji? Na wanke na sa, na wanke na rago, na wanke na raƙumi. Ban taɓa cin karo da wanda ke fushi ba.” Ya kwance ƙyallen. “Rashin ƙarfi ne ke damun ka. Ga romon jelar sa, da hannuna na dafa. Zan juya maka baya don kada ka ji kunya. Ka shanye.”

Ya kuwa juya ya fuskanci bango. Na kalli kwanon, kitse ya yi masa rufi kamar an zuba man gyaɗa. Na kalli ƙeyar dattijon nan da ya taka keke cikin rana saboda ni. Na yi bisimilla na kafa kai.

Baba ya ce zai zauna ya ga yadda ƙarfi zai dawo mini. Bai daɗe yana jira ba. Na ɗauki buta na wuce ta gabansa, na rusuna na ce, “Baba, ina zuwa.” Na dawo na zauna, kafin ya gama tambayar yaya na ji, na sake miƙewa. “Baba, ina zuwa.” Tun ina rusunawa har na koma ɗaga masa hannu kawai. Maƙwabta suka yi layi da nasu butocin suna kallon sama. A dawowata ta ƙarshe na zube a gefen tabarma, gumi ya jiƙa ni sharkaf.

Baba ya miƙa hannu ya ɗauki murfin. Sannan ya ɗaure kwanonsa a hankali ya ce, “Wannan ba raini ba ne, ciwo ne. Allah ya sawwaƙe. Ka yafe ni, Malam.”

Cikin waɗanda suka yi layi ranar akwai maƙwabciyarmu, malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna, wadda ɗakinta ke jikin namu. Washegari bayan ta dawo daga coci ta shigo da kwano ta ce wa mai ɗakina, “Maman yara, ki ba Malam ya gwada. Gwaten acca ne da alayyafo, ba wake, ba albasa. Ba don shi kaɗai na yi ba, don mu ma mu samu shiga banɗaki.”

Na ci ina jiran abin da zai biyo baya. Har yamma shiru. Ita ma ba ta san ko zai yi aiki ba, ta ce abin da suke ba marar lafiya ke nan a garinsu. Daga nan mai ɗakina ta ɗauki abin da gaske. Ta riƙa cire abu ɗaya daga tukunya ta ga yadda zan kwana. Wake ya tafi, kabeji ya bi shi, ɗanyar albasa ma haka, madara kuma ko a shayi. Tuwon shinkafa ya zauna, da miyar kuɓewa, da kabewa, da dankalin Turawa, da 'yar gyaɗa kaɗan. Abin mamaki, awara ba ta dame ni ba, duk da cewa ita ma daga waken suya aka yi ta. Na koma wa likita da wannan labari, ya ce kowane hanji da irin abokan gabarsa, in ci gaba da lura. Oga kuwa na riƙa zuwa masa da kwanona, mu ci tare kowa da nasa.

Ban warke ba, har yau. In hankalina ya tashi, ko tuwon shinkafar ma sai ya zama abin faɗa. Amma mun samu zaman lafiya irin na maƙwabtan da suka san halin juna.

Bayan wasu watanni Baba ya biyo ta gidanmu ganin jikoki. Ya tarar da ƙaramarmu da kwano a gaba, an soya awara an jefa a miyar tumatir. Ya tsokane ta da cewa amarya ba ta tayi, ya sa hannu ya ɗauki yanka ɗaya. Ya tauna, ya tsaya, ya sake taunawa. Fuskarsa ta canza.

Ya ƙwala wa mai ɗakina kira. “Wa ya sayar muku da huhun nan? Ya cuce ku. An jiƙa shi a ruwa ne, ko ƙanshin dabba babu.”

Ta ce, “Baba, ba huhu ba ne. Awara ce, da waken suya ake yi. Ita Malam ke ci.”

Ya ɗauki wani yankan ya juya shi a hasken rana, ya matsa shi da babban yatsa yadda yake matsa cinyar rago a kasuwar dabbobi.

Ya ce, “Wato yanzu wake ma ya fara kwaikwayon nama. To mu kuma mu koma ina?”

Ya jefa shi a baki. Ya ɗauki na uku, yarinya ta fara kuka, ya ce a ƙaro mata. Da zai tafi na rako shi har bakin titi ina tura masa keken. Ya sa ƙafa a feda, sannan ya waiwayo ya rage murya.

“Malam, abin da na ci a gidanka, kada in ji shi a kasuwa.”