Gyaran Zauren Baba

Gidanmu a Garwa gidan mahauta ne. Kakanmu ya zo daga ƙasar Kano da fataucin shanu, ya zauna, shi ya gina zauren da muka tashi muka gani. Ginin ƙasa ne mai kauri, da rufin azara, ƙofarsa gajeriya, dogon mutum sai ya sunkuya. Duk zafin Garwa, in ka shiga sai ka ji kamar ka leƙa cikin randa. A nan Baba yake zama in ya dawo daga abatuwa, shi da abokansa, mahauta da dillalan shanu, ana hira rabi da Hausa rabi da Fulatanci har a kira la'asar.

Wata bazara wani bijimi ya ture Baba a kasuwar shanu, ƙafarsa ta karye. Ni ina aure a Gider, kuma mai ɗorin da Baba ya yarda da shi a can yake, don haka aka shirya kai shi gidana ya yi jinya. Ranar da na zo ɗaukarsa, Yaya, babban wanmu da ke aikin ofis a Yawunde, ya bugo waya. Ina riƙe masa da wayar a kunne na ji Baba ya ce:

"Zauren nan ya tsage ta gabas, indararo ma ya karye. Ka sa a gyara kafin ruwa ya sauka."

Yaya ya ce, "An gama, Baba. Ku dai ku kula da ƙafarku."

Iyakar maganar da suka yi ke nan. Abin da ya biyo baya daga baya na harhaɗa shi daga bakin kowa. Yaya ya kira Baffa, ƙanen Baba, ya ce ya gaji da jin ana faci duk shekara, so yake a inganta zauren. Baffa ya ɗauka siminti za a shafa a waje don kada ruwa ya ci bango. Sai ya shiga gida ya ce wa Inna 'yar kwaskwarima za a yi wa zaure. Inna kuwa da ta ji kwaskwarima, yaɓe da farar ƙasa ta kawo a ranta, irin wanda ake yi gab da Sallah. Shi kuma Yaya yana da wani aboki ɗan kwangilar gini, da Faransanci suke magana, ya ce masa "refaire", wato a sake. Ɗan kwangila ya zo da lebura da diga ranar da Inna ta tafi suna, Baffa yana kasuwa. Kafin su dawo an sauke rufi, bangon gabas yana ƙasa.

Inna ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ke, yayanki ya rushe zaure. Kada ki gaya wa babanku yanzu, bari ƙafar ta kama."

Kullum da safe Baba sai ya tambaye ni ko an gyara. Ni kuma in ce ana kan aiki.

Zaman jinyar nan ne ya sa na fara sauraron yadda yake amfani da kalmar. In zai kwanta ya ce in gyara masa matashi. In na sayo nama ya duba, ya ce mahaucin bai iya gyara ba, ya bar jijiya da kitse mara amfani. Mai tumatir ta shigo gida da talla, ya leƙo ta taga ya ce, "Ba gyara?" ta yi dariya ta ƙara biyu a kai. Maigidana malamin makaranta ne, yana zama a tsakar gida da jan biro yana duba aikin ɗalibai. Baba ya tambaye shi me yake yi, ya ce gyara. Baba ya karɓi takarda ɗaya ya juya ta, ya ga rubutun yaron yana nan, an ja layi a wasu wurare an rubuta daidai a sama. Ya gyaɗa kai ya mayar. A wurin Baba duk abin da aka gyara yana nan yadda aka san shi, an dai cire masa abin da ya ɓata shi, ko an ɗan ƙara masa. Da na gane haka sai na riƙa kauce wa zancen duk lokacin da ya ambaci gida.

Ya fara takawa da sanda bayan ruwan farko, ya ce shi gida zai koma. Muka ɗauki mota daga Gider. Da muka shigo layinmu direba ya tsaya inda na nuna masa. Baba ya dubi ginin bulo mai shuɗin fenti, da rufin kwano, da ƙofar ƙarfe mai ƙyalli, ya ce wa direban:

"Ƙara gaba kaɗan, ba nan ba ne."

Na ce, "Nan ne, Baba."

Na taimaka masa ya sauka. Ya shiga, ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga kai ya dubi kwanon, ya ɗora tafin hannu a bango ya janye. Rana ta take, ɗakin kamar tanda. Inna ta fito tana yi masa sannu da zuwa, Baffa yana bayanta.

"Ina azarar?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

Inna ta ce, "Tana bayan gida, Malam. Na hana a taɓa."

Ya zauna a kan kujerar roba ya ce in kira masa Yaya, in buɗe murya kowa ya ji.

"Gyara na ce maka."

"Ai gyaran ke nan, Baba. An sabunta shi gaba ɗaya, ba za ku sake jin maganar tsagewa ba."

"Sabuntawa daban. Da na karye, yanke ƙafar aka yi aka sa mini ta ƙarfe?"

Yaya ya ce mai ginin ya gaya masa tsagar ta kai har tushe, kuma gara ta cinye azara. Baba ya juya ya dubi Baffa. Baffa ya ce gaskiya ne, da idonsa ya gani, rabin azarar in ka matsa sai ta zama gari, Allah ne kawai ya tsare rufin bai faɗo wa mutane ba.

Baba ya dubi sandarsa. Ya ce, "To da sai a gaya mini. In ce a sake, da bakina. In zo in tsaya a sauke shi ina gani. Ubana ne ya gina."

Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba, amma bai zauna a zauren ba. Abokansa sun gwada kwana biyu, gumi ya kore su. Wani tsohon Bafulatani dillalin shanu, abokinsa tun suna samari, ya ce masa da Fulatanci ɗansa ya gina masa wurin gasa kilishi. Baba bai yi dariya ba a ranar, sai bayan mako guda na ji shi da kansa yana maimaita wa wani. Ya sa aka zaɓo azarar da gara ba ta taɓa ba, aka kafa rumfa a gindin darbejiyar ƙofar gida, aka rufa zana, aka yi dakalin ƙasa. Can majalisar ta koma.

Yaya ya zo da Babbar Sallah. Ya ga rumfar, ya ga zauren a rufe. Washegari ya kawo kafinta aka sa silin, aka fasa taga ta biyu, aka rataya fanka. Zafin ya ragu sosai. Baba ya shiga ya duba, ya ce, "Madalla. Wannan ita ce kwaskwarima." Ya sa masa albarka, ya fita ya koma rumfarsa.

Da yamma na sami Yaya shi kaɗai a cikin zauren, fanka tana juyawa a kansa. Ya ce mini tun yana ƙarami yake jin kunyar ƙofar nan in abokansa na makaranta sun rako shi, kuma ya daɗe yana burin ranar da ubansa zai fi kowa kyan ƙofar gida a layin.

"Ni kyautata masa na so in yi," in ji shi.

Na ce Baba ya sani, shi ya sa bai yi faɗa ba. Ya ce da faɗan aka yi masa da ya fi masa sauƙi.

Zauren bai zauna a banza ba. Inna ta ga ɗaki mai wuta da ƙofar da ke kulluwa, ta sa aka shigar da firij, ta fara sayar da ƙanƙara da folere, wato zoɓo. Cikin azumi layi har bakin titi. Yanzu in baƙo yana neman gidanmu, gidan mai folere ake ce masa, abin da Baba bai so ba, ko da yake shi ma yana aikawa a kawo wa baƙinsa.

Bara katangar bayan gida ta fara zubewa. Baba ya gaya wa Yaya a waya. Yaya ya ce, "Baba, faci za a yi, ko yaɓe, ko tokara, ko a sake ta? Ku faɗa mini ɗaya."

Baba ya ce, "Zo ka gani da idonka."

Ya nemi hutu a wurin aiki, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya shigo mota zuwa Garwa. Suka zagaya katangar tare, Baba yana ƙwanƙwasa ta da sanda, Yaya yana biye. Suka tsayar a kan a sauke sama, a bar tushe, a ɗora sabuwar ƙasa. Yaya bai koma ba sai da aka gama.