Fergus, Ka Jira Taurari Su Gama Magana

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, Allah ya karɓi ran ƙanena Fergus Treloar a dajin Yammacin Ostireliya, yana jingine da motarsa da ta kafe cikin yashi. Likita ya ce zafin rana ne ya kashe shi. Ni yayarsa Maureen na ce ba zafi kaɗai ba ne, kuma zan faɗa ko da za a ji haushina.

Fergus, kai mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Lokacin da mijina ya kwanta ciwon ajali, duk ƙarshen mako sai ka tuƙo mota daga can cikin daji zuwa garinmu Geraldton, ka yanke mana ciyawar tsakar gida, ka zauna kusa da shi kuna kallon wasan kurket, kana zagin 'yan wasan don kawai ya yi dariya. Makiyayan tumakin da ke maƙwabtaka da wurin aikinku sun san ka. Injin ruwan wani ya lalace, kai ake nema, kuma shayi kawai kake sha ka tafi.

Aikinka kula da manyan eriyoyin nan masu sauraron sararin samaniya. A can ba a kunna waya, ba a kunna rediyo, domin ƙaramar hayaniya tana iya binne saƙon da ya taso daga taurari masu nisa. Wannan na fahimta. Abin da ban taɓa so ba shi ne butar nan. Wata tsohuwar butar shayi ce lotsattsiya, wadda kuke ɗorawa a teburin duk wanda ya kunna wata na'ura ya ɓata muku sauraro, ta zauna a gabansa ana yi masa tsiya har sai wani ya gaje ta.

"Yaya," ka ce mini muna gasa nama ranar Kirsimeti, "duk daɗewata a wurin nan, butar nan ba ta san hanyar teburina ba."

"To, sai mu yi maka guɗa," na ce. "Juya naman nan kafin ya ƙone, sarkin shiru."

Ka yi dariya har da riƙe ciki. Yanzu in na tuna, raina ne ke ɓaci.

Ranar da abin ya faru, ka fita kai kaɗai gyaran wata eriya mai nisa. A lokacin cibiyarku tana dakon wani ɗan gajeren saƙo da ke zuwa jefi-jefi daga wani gungun taurari, wanda kuka daɗe kuna farauta. Motarka ta kafe, ruwanka ya ƙare. Na'urar neman agaji tana ɗaure a ƙugunka, maɓalli ɗaya za ka danna a taso. Ba ka danna ba, don kada ta ɓata sauraron. Ka san tsarin aikin ranar, ka zauna cikin wannan zafi kana jira a gama sauraro. Sai da aka gama ka danna, kuma kafin su iso ka cika.

Haba Fergus! Haba ƙanena! Kai da ka san dajin nan fiye da ɗakin kwananka?

Shugabanninku sun zo gida da furanni. Ɗayansu ya riƙe hannun matarka Narelle ya ce, "Madam, saƙon ya shigo tas, ko ɗigon hayaniya babu. Mijinki ya sadaukar da kansa ga ilimi." Sun ce dokarsu ta yarda a nemi agaji in rai na cikin haɗari. Na ji. Amma dokar tana cikin kabad, butar kuwa tana kan tebur inda kowa ke ganinta kullum. Ku shugabanni, wane ne a cikinku ya taɓa tsayawa gaban ma'aikata ya ce ran mutum ya fi sauraron wata guda? Yanzu har kuna shirin sa wa saƙon sunansa.

Ga abin da ya sa nake wannan rubutu. 'Yarka Imojen, wadda za ta fara karatun taurari a jami'a bana, ta ji maganar mutumin nan tana tsaye a bakin ƙofa. Bayan sun tafi ta dube ni, idonta a bushe, ta ce, "Gwaggo, Baba jarumi ne. Da ni ce ma, haka zan yi."

Kun ji abin da kuka koya wa yarinya. Saboda haka ranar binne shi, kada wanda ya kira shi jarumi a gabana. Ku ce mutumin kirki ne da ya yi kuskure, kuskuren da ya bar mace ba miji, ya bar uwa mai shekara tamanin tana tambayar yaushe zai zo.

Allah ya jiƙan ka Fergus, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka. Allah ya ba Narelle da mahaifiyarmu haƙurin wannan rashi. Ke kuma Imojen, Allah ya raya ki, ya buɗe miki ilimin da ubanki ya so. Amma duk ranar da kika shiga uku a daji, ki danna maɓallin nan, 'yata. Ki ɓata musu sauraron, ki dawo mana gida.