Idon Yaya Rakiya

A watan nan yayata Rakiya ta cika shekara tara da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Ita nake bi, kuma rana ɗaya aka sa mu firamare a ƙauyenmu da ke bayan Roni. Kowa a ajin ya san ta fi ni ƙwaƙwalwa. Ido ne matsalarta. Tun muna aji uku ta fara matsawa gaba, daga bencin tsakiya zuwa na farko, daga nan ta koma zama a ƙasa, gindin allo. Baba ya kai ta asibiti a Kano, aka ba ta tabarau mai kauri, bai yi wani amfani ba. Muna aji biyar ta daina zuwa.

Amma ba ta rabu da karatu ba. Kullum na dawo, kafin in ajiye jaka sai ta ce, "Sani, me aka koya yau? Karanto mini." Ina karantawa tana ɓare gyaɗa, abin da ta ji sau ɗaya kuwa ya zauna ke nan. Ko bayan ta yi aure a Gwiwa, ni kuma ina karatun koyarwa a Kazaure, in na je gaishe ta sai na tafi da littafi.

Ta rasu ta bar 'ya ɗaya, Safiya, wadda ta ɗauko fuskarta, ta kuma ɗauko idonta. Bara mahaifin yarinyar ya zo ya same ni, ya ce, "Malam, wahala kawai take sha, ba ta ganin allo. Ko mu bar ta a gida?" Tausayi ne ya sa shi faɗar haka, irin wanda Baba ya ji a da. Na roƙe shi ya ba ni ita zango ɗaya a makarantar da nake koyarwa.

A lokacin ba a daɗe da kawo mana ƙananan kwamfutocin hannu ba. Ba su ishi ɗalibai ba, kuma ranar da hadari ya rufe rana, wutar sola ba ta cika musu caji. Ni kaina ɗari-ɗari nake yi da su, sai da wata malama ta nuna mini yadda ake buɗe rubutu da yatsa biyu ya yi girma.

Na miƙa wa Safiya ɗaya. Ta kai ta dab da hancinta kamar yadda ta saba yi da littafi. Na sa yatsu na buɗe baƙaƙen, sai na ga ta ja kai baya a hankali. Na fara karanta mata. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Kawu, bari. Ina gani." Sai da na fita waje na ɗan tsaya.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya za ta ce da ta ga ajin yau. Na san za ta yi wa yaran da ke laɓewa suna kallon wasa a na'urar faɗa. Na kuma san ba za ta saki na'urar nan ba sai cajinta ya ƙare.

Ba ta bar takardar shaida ko ɗaya ba. Ta dai bar malami, don a gabanta na koyi yin bayani yadda mai sauraro zai gane, ta kuma bar yarinyar da yanzu ta shiga aji na gaba.

Kwanan baya Safiya ta tambaye ni, "Kawu, da akwai wannan a lokacin Inna, da ta gama makaranta?"

Na ce mata, "Da ita ce malamarki, ba ni ba."

Allah Ya haskaka kabarinki, Yaya.